An ce a canja wa ƙanwata ruwan jini saboda cutar MS: mu sayar da filin ko mu dakata?

Abban Sultan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa rubutu ba, yau lalura ce ta kawo ni. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta 27, malamar firamare, muna zaune a Unguwar Dosa. Shekara biyu da suka wuce idonta na hagu ya yi hazo, in ta juya shi sai ya yi ciwo. Aka yi mata allurai, bayan wata guda gani ya dawo, muka manta da zancen. Yau kwana 16 ke nan ta tashi da asuba za ta yi alwala ta ce ƙafafunta sun yi minjirya. Kafin kwana uku ba ta iya tsayuwa, fitsari ma sai da aka sa mata roba. An yi hoton MRI na kai da na baya, likita ya ce alamu sun fi nuna cutar MS, wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. An ba ta wani magani ta ƙarin ruwa kwana biyar, an gama tun ranar Talata, amma har yanzu in ka taɓa tafin ƙafarta ba ta sanin ka taɓa. Yanzu likitan ya ce abin da ya rage shi ne a canja mata ruwan jini da na'ura, sau biyar ko bakwai, kuma ba a asibitin da muke za a yi ba, sai an tura mu. Kuɗin da aka yanka mana ya yi daidai da kuɗin filin da mahaifinmu ya bar mana a Rigachikun. Don Allah wanda ya san wannan aikin ya yi mana bayani. Yana warkarwa?

Hajiya Babba Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, wannan ba shi ne wankin ƙoda ba? Marigayi maigidana ya yi shekara uku ana yi masa, in shi ne to ka sani in an fara ba a dainawa.

Sista Maman Ilham: Hajiya, ba shi ba ne, ko da yake na'urorin sun yi kama kuma sau da yawa a ɗaki ɗaya ake yin su. A sashen ƙoda nake aiki, bari in yi bayani yadda nake yi wa 'yan jinya. In aka ɗebi jini a kwalba aka juya shi da inji sai ya rabu biyu: jan yana ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa yana sama. Wannan ruwan shi ne filasma, kuma ya ɗan fi rabin jinin mutum, wajen kashi 55 cikin ɗari. Wankin ƙoda dattin da ƙoda ta kasa fitarwa yake tacewa, ruwan yana nan. Wannan kuwa ruwan ɗungurungum ake cirewa a zubar, a mayar wa mutum jajayen ƙwayoyin jininsa tare da sabon ruwa. Ba kuma canjin jinin da ake yi wa masu sikila ko jarirai masu shawara ba ne, can jan ake canjawa. Kuma yana da iyaka, sau biyar zuwa bakwai ne, yau a yi gobe a huta, cikin mako biyu an gama.

Hajiya Babba Tudun Wada: To alhamdu lillahi da yake mai ƙarewa ne. Na gode 'yata.

Ɗan Rigasa: In dai mugun abu ne a cikin jini ake son fitarwa, me ya sa ba za ku fara gwada ƙaho ba? Sunna ce, kuma kuɗinsa bai kai na cefanen kwana biyu ba. Akwai wanda na sani da ƙafarsa ta riƙe, ƙaho uku aka yi masa ya miƙe. Kada ku yi saurin rabuwa da gado.

Likitan Zaure: Abban Sultan, sannu da jinya. Ban duba ta ba, don haka maganar likitanta ce a gaba, amma ga yadda abin yake. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka da na ido suna da wata riga mai maiƙo da ta lulluɓe su, ita ke sa saƙo ya yi gudu daga kai zuwa ƙafa. A cutar MS garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa cin wannan rigar. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya fara fayyace ta a 1868, kuma a ƙididdigar 2020 masu ita a duniya sun kai wajen miliyan 2.8, mata sun ninka maza, galibi tana farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40. Mafi yawan masu ita tasowa take yi ta lafa, ta sake tasowa a wani wuri. Na ido da kuka gani shekara biyu baya, da alama shi ne tashin farko.

Maganin da aka ba ta kwana biyar ina kyautata zaton methylprednisolone ne, giram ɗaya kullum. Shi ne matakin farko ko'ina a duniya, yana kashe kumburin. Yawancin mutane suna samun sauƙi da shi. Idan tashin ya yi tsanani, ya kwantar da mutum ko ya tafi da gani, kuma maganin bai yi ba, sai a koma canjin filasma, domin a cikin ruwan nan ne sinadaran yaƙin da garkuwa ke ƙerawa suke yawo. Zama ɗaya yana kwashe kusan kashi biyu bisa uku na abin da ke cikin jijiyoyin jini a lokacin. Sauran da ke cikin tsoka sai su gangaro cikin jini, shi ya sa ake tsallake kwana a sake.

Ka tambaya ko yana warkarwa. Ba ya warkar da MS. Wannan tashin kaɗai yake ƙoƙarin ceto.

Ɗan Rigasa, ƙaho ɗan jinin fata yake fitarwa, cokali nawa ne. Nan kuwa ana maganar lita biyu da rabi zuwa uku na ruwan jini a kowane zama, a macen da ke da nauyin kilo 60. Kuma wadda aka gama ba wa wannan maganin mai ƙarfi garkuwarta ta yi ƙasa, ga ƙafar ba ta jin ciwo, tsaga a fatarta na iya zama gyambo ba ta sani ba.

Malam na Badarawa: Ɗan Rigasa, Allah ya saka da niyyar alheri. Ƙaho yana da falalarsa, ba mai musu, amma ba a ce shi ne maganin kowace cuta ba, kuma neman magani wurin masaninsa shi ma umarni ne. Abban Sultan, ku riƙa yi mata tofi safe da yamma a kan gadon asibitin, wannan ba ya hana wancan. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne a ɗauke ta daga asibiti a ce sammu ne ko iska. Na ga an yi haka da wata yarinya a unguwarmu, wata huɗu ana yawo da ita gidajen masu magani, da aka dawo asibiti ƙafafun sun riga sun ƙandare.

Ɗan Rigasa: Na karɓa Malam. Ban san yawan ruwan ya kai haka ba.

Baba Mai Ritaya Kawo: Ni tambayata ga Likita ɗaya ce, kuma ina so ya ba ni amsa ba kwana-kwana. Cikin mutum goma da aka yi wa, nawa ne suke tashi? Don na ga abin da asibiti ke yi wa dukiyar marayu. A sayar da fili, a sayar da keken ɗinki, a ƙarshe ba lafiya ba fili. Yarinyar nan in ta zauna a keken guragu, wannan filin shi ne abin da za a gina mata ɗaki a kai ko a sa haya ta ci abinci. Ina magana ne a matsayin uba.

Likitan Zaure: Baba, ranka ya daɗe, tambayarka ita ce tambayar. Binciken da aka fi dogara da shi an yi shi ne a asibitin Mayo na Amurka, aka buga a 1999. Mutum 22 ne masu MS da dangoginta, duka ciwon ya kwantar da su kuma maganin farko bai yi musu ba. Aka raba su, wasu ana yi musu canjin gaske, wasu ana ɗaura su a na'ura jinin ya zagaya ya dawo ba a canja komai ba, kuma daga marar lafiya har likitan da ke auna shi babu wanda ya san wanne ake yi wa wa. Wanda bai ji sauƙi ba sai a juya shi ɗaya ɓangaren. A zagaye 19 na canjin gaske, 8 sun samu sauƙi na a zo a gani. A zagaye 17 na wanda ba a canja komai ba, 1 kacal. To ka ga wajen huɗu cikin goma ke nan. Ba zan ce maka tara ba. Kuma cikin waɗanda suka tashin, huɗu ciwon ya sake taso musu kafin wata shida, wannan ya nuna maka ba rigakafi ba ne.

Baba Mai Ritaya Kawo: To kun ji. Shida cikin goma asara. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa duka a kan haka?

'Yar Kabala: Baba, ka yi haƙuri in sa baki, ni abin a jikina ya faru. Shekara huɗu ke nan. Hannuna na dama da ƙafata suka mutu ina da goyon wata bakwai. Aka yi mini na kwana biyar ɗin, shiru. Mijina ya ci bashi a wurin aikinsa aka fita da ni aka yi mini sau biyar.

Bari in gaya wa Abban Sultan yadda yake don ya shirya ta. Za su sa mata bututu mai baki biyu a wuya, ni a dama aka sa mini, kwana goma yana nan, ba na iya juya kai sosai ko in yi sujada, da ishara nake salla. In an kunna na'ura za ka ga jininka yana bin roba ja wur, can gefe kuma wata leda tana cika da ruwa kamar kunun tsamiya da aka tace. Awa uku nake yi a kwance. Sanyi ne ya fi damuna, sai da aka rufa mini bargo biyu. A zama na biyu leɓena ya fara zuga, yatsuna suka fara lanƙwashewa, na tsorata na ɗauka wani sabon ciwon ne, nas ta zo ta rage gudun na'urar ta sa mini wata allura, cikin minti kaɗan ya wuce. Bayan zama na uku, da daddare 'yata tana kuka a gefena, sai kawai na ga na kai hannu na kama ƙafarta. Hannun da ya yi kwana 20 ko cokali bai riƙe ba.

Yau ina tafiya da ƙafata. Ba kamar da ba, in na yi nisa tana ja, kuma rubutuna ya canja. Amma ni nake yi wa 'ya'yana wanka. Baba, lissafinka daidai ne, sai dai wanda ke kwance ana juya shi kamar tuwo a tukunya, huɗu cikin goma ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Maman Hanif Barnawa: Ni kuma ina cikin shidan, kuma ina so a ji nawa. Maigidana shekara 11 yana da MS. Tun wajen shekara biyar baya ya daina irin tashin nan na farat ɗaya, sai dai kullum ƙafar tana ƙara nauyi a hankali, daga sanda zuwa sanda biyu zuwa keke. Wani dillalin asibitocin waje ya same mu ya ce akwai wankin jini da ke fitar da cutar. Muka sayar da motarsa da gwala-gwalaina muka je. Sau bakwai aka yi. Mun dawo yadda muka tafi, har da ƙari, don wurin bututun ya yi ruwa sai da ya sha maganin ƙwayoyin cuta mako biyu. Har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Abban Sultan, ka yi tunani da kyau.

Likitan Zaure: Maman Hanif, Allah ya ba ki ladan jinya, ya ba shi sauƙi. Abin da aka yi muku bai kamata ba, domin an daɗe da sanin amsar. An gwada canjin filasma a kan masu irin ciwon maigidanki, mai tafiya a hankali, a wani babban bincike a Kanada da aka buga a 1991, bai nuna amfani ba. Ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka a ƙa'idarta ta 2011 ta faɗa ƙarara cewa kada a yi shi ga mai wannan nau'in, ta kuma yarda da shi ga sabon tashi mai tsanani. Dalilin kuwa a fili yake. A sabon tashi jijiyar tana nan da ranta, kumburi ne da sinadaran nan suka toshe ta, in ka janye su tana iya farfaɗowa. A ciwon da ya yi shekaru zaren jijiyar kansa ya riga ya lalace, ko ka canja ruwan jini sau ɗari babu abin da za ka tayar.

Don haka labarinki da na 'Yar Kabala ba sa karo da juna. Suna ɗaya ne, hali biyu. Ƙanwar Abban Sultan tana a halin 'Yar Kabala, kwana 16. Kuma a nan ne na saɓa da Baba. Da a ce jira ba ya cin komai, da na ce a jira wata biyu a gani. Amma an fi samun nasara in an fara cikin mako biyu zuwa uku na farko. Akwai waɗanda suka amfana bayan haka, sai dai damar raguwa take yi kullum. Filin yana nan ko baɗi, jijiyar ce ba ta jira.

Maman Hanif Barnawa: Likita, yau ne karo na farko da wani ya yi mini wannan bayanin. Shekara uku ina zargin kaina ko mun makara ne da tafiya. Ashe tun farko ba namu ba ne.

Baba Mai Ritaya Kawo: Na ji, kuma na fahimci bambancin. Amma ban janye ba tukuna. Ku ce an yi, ta tashi. Likita da bakinsa ya ce yana dawowa. In ya dawo baɗi wane filin za a sayar?

Likitan Zaure: Wannan kam gaskiyarka ce Baba, kuma ita ce maganar da iyalai suka fi mantawa. Duk wanda zai yi lissafin canjin filasma ya haɗa da kuɗin maganin da zai hana ciwon dawowa, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Wanda aka fi samu a ƙasashe irin namu shi ne rituximab, ƙarin ruwa ne da ake yi galibi duk wata shida. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna saboda MS, tare da cladribine da glatiramer. Abu ɗaya a kiyaye: ba a ba da shi kafin canjin filasma, don na'urar za ta wanke shi ya bi ledar shara. Sai an gama. Kuma kafin a fara shi dole a yi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a cikinmu, da na HIV, a kuma duba tarin fuka.

Abban Sultan, akwai abin da ya tsaya mini a labarinka. Ido, sannan laka, kuma duka ƙafa biyu har da fitsari, ga maganin farko bai taɓa shi ba. Ka duba takardar hoton bayan, tabon da aka gani tsawonsa gaɓar ƙashin baya nawa ne? Kuma ta taɓa yin shaƙuwa ko amai na kwanaki da aka rasa dalilinsa?

Abban Sultan: Likita, wallahi ta yi. Bara da damina ta yi kusan mako biyu tana shaƙuwa da amai, aka ce gyambon ciki ne. Takardar tana hannuna, an rubuta daga T3 zuwa T8, wato gaɓa shida.

Likitan Zaure: To gobe da safe ka gaya wa likitanta zancen shaƙuwar nan, kada ka manta, mai yiwuwa ba wanda ya tambaye ku. Akwai wata cuta 'yar uwar MS da ake kira NMO, wadda ta fi kama jijiyar ido da laka. Alamominta sun haɗa da tabo mai tsawon gaɓa uku ko fiye, da irin wannan shaƙuwar. An fi ganinta a baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. Shekaru da yawa ana ɗaukarta wani nau'in MS ne, sai a 2004 aka gano sinadarin da ke haddasa ta a cikin jini, wanda ake nema da gwajin AQP4. Ban ce ita ce ba, wanda ya ga hoton da idonsa shi zai yanke. Amma bambancin yana da nauyi ta fuska biyu. Na farko, wasu magungunan MS kamar interferon da natalizumab da fingolimod ƙara tsananta NMO suke yi. Na biyu, in ita ce, hujjar canjin filasma ta ƙara ƙarfi, don sinadarin da ake son cirewa sananne ne kuma a cikin ruwan yake. Likitocin tsibirin Martinik, inda mafi yawan jama'a jikokin 'yan Afirka ne, sun nuna cewa a NMO babu abin da ya kai saurin farawa tasiri. Rituximab kuma yana aiki a kan duka biyun.

Mai Lab Kakuri: Ƙari a kan maganar Likita: a ɗebi jinin gwajin AQP4 ɗin kafin zama na farko. In aka bari sai an yi canji biyu ko uku, an wanke abin da ake nema, sakamako zai iya fitowa babu alhali akwai. Ba sai an jira sakamakon ba kafin a fara, a dai ɗeba a aika.

Sai maganar kuɗi, tunda ita ce ta riƙe Baba. Abu biyu ne ke cin kuɗin: robobi da matatar da ake jefarwa bayan kowane zama, da ruwan da ake mayarwa. Ruwan iri biyu ne. Akwai albumin na kwalba, wani sinadari ne da ake tacewa daga filasma, daga waje ake kawo shi, ya fi tsada amma ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma daskararren filasma na bankin jini, wanda ake cirewa daga jinin masu ba da gudummawa a daskarar cikin awa takwas. Leda ɗaya wajen rubu'in lita ce, don haka zama ɗaya zai ci leda goma ko fiye in da shi kaɗai za a yi. Ya fi sauƙi in kuna da masu ba da jini, amma ya fi kawo ƙaiƙayi da borin jini, kuma kowace leda daga jikin wani take, duk da ana tantance ta. Wasu likitocin suna haɗa biyun. Ku tambaya, kada ku ji kunya, ku ce a rubuta muku farashin kowanne daban.

Sista Maman Ilham: Mai Lab ya yi daidai. In da albumin zalla ake yi, sinadaran daskarar da jini suna raguwa, shi ya sa ake auna su kafin kowane zama, wani lokaci a ƙara filasma a ƙarshe. Abin da 'Yar Kabala ta ji a leɓenta kuma daga maganin hana jini daskarewa a cikin na'ura ne, yana kama sinadarin kalsiyam. Ku gaya wa ƙanwarku da ta ji zugi a baki ko yatsu ta yi magana nan take, kada ta yi kara. Matanmu akwai dauriya, sai abu ya yi nisa suke faɗa. Jini kuma yana iya sauka ta ji jiri, don haka ta ci abinci kafin a fara. In tana shan maganin hawan jini irin lisinopril a sanar da su, ana dakatar da shi kafin a fara. Bututun wuyan nan shi ne babban abin tsoro na: kada ruwa ya taɓa shi, kada 'yan dubiya su taɓa, in zazzaɓi ya zo ko da tsakar dare ne a kira nas. Sannan ko ana canji ko ba a yi, ku riƙa juya ta duk awa biyu saboda gyambon kwanciya, kuma masu gashin ƙashi su fara zuwa tun yanzu.

'Yar Kabala: Abu ɗaya da na so a ce an gaya mini tun farko: zafin Maris da Afrilu na Kaduna. Shekarar farko da zafi ya shigo ƙafata ta koma nauyi, idona ya yi hazo, na yi ta kuka na ɗauka ya dawo. Ashe zafi ne kawai ke tayar da tsohon tabo, in na watsa ruwan sanyi na kwanta sai ya sake ni. Haka ma in ina da ciwon sanyi na fitsari ko zazzaɓi. Likitana ya ce ba a kiransa sabon tashi sai ya wuce awa 24 kuma babu zazzaɓi. Kada kowane nauyin ƙafa ya sa a ce a koma na'ura.

Baba Mai Ritaya Kawo: To ni ga inda na tsaya. Ban yarda a sayar da filin duka ba har yanzu. Amma na yarda kwanakin nan ba na zama ba ne. Ɗana, filin nan ku nawa ne a kansa? Ku yanka rabi, ko ku jinginar wa ɗan uwa da sharaɗin fansa, a rubuta da shaidu. Rabin da ya rage a bar shi saboda maganin wata shida-shidan nan. Kuma ita yarinyar an tambaye ta? Tun ɗazu muna ta yanke hukunci a kan wuyanta da gadonta, ban ji wanda ya ce ga abin da ta ce ba.

Abban Sultan: Baba, wallahi ka kama ni. Ba mu gaya mata kuɗin ba, muna gudun kada hankalinta ya tashi. Yanzu zan shiga wurinta.

Malam na Badarawa: Ka shiga da mahaifiyarku, kuma ka karanta mata duka, har da na Maman Hanif.

Abban Sultan: Salam jama'a, ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara. Na karanta mata kamar yadda Malam ya ce. Ta yi shiru, sannan ta ce a sayar da kasonta kawai kada a taɓa na ƙannenmu. Kawunmu ya ce ba za a sayar ba, ya karɓi rabin jingina. Da na gaya wa likita zancen shaƙuwar sai ya sake ɗauko hoton ya daɗe yana kallo, aka ɗebi jinin AQP4 a ranar, sakamako bai dawo ba tukuna. An tura mu, mun bi jirgin ƙasa daga Rigasa da ita a keke. An yi zama huɗu, saura uku. A na biyu jininta ya sauka aka tsaya rabin awa. Ƙafar hagu har yanzu shiru. Ta dama kuwa jiya da Umma tana shafa mata mai ta ce ta ji sanyin hannunta a idon sawu, kuma babban yatsan ya motsa sau biyu, na gani da idona. Likita ya ce kada mu yi gaggawar murna, a bari a gama.

Abin da nake roƙo yanzu masu ba da jini ne, don albumin ya fi ƙarfinmu a sauran zaman, za a haɗa da filasma. Rukuninta B ne.

Ɗan Rigasa: Ni O ne, kowa ina ba shi. Ka faɗi wuri da lokaci, zan zo da yaran shagona.

Mai Lab Kakuri: Ɗan Rigasa, a filasma abin juyawa yake yi: na mai O sai mai O, mai AB ne ke ba kowa. Ita B ko AB za a sa mata. Amma ka zo duk da haka, bankin jini yana karɓar naka ya maye gurbin wanda ya fitar. Ku ci abinci kafin ku taho, kuma wanda ya ba da jini cikin wata uku da suka wuce ya bari sai wani karo.

Maman Hanif Barnawa: Ni B ce. Hanif ma B ne, ya cika 19. Abban Sultan, turo mini bayanin ta akwatin sirri, in na gama shirya babansu da safe za mu taho.